Kasuwar lantarki ta Afirka ta Yamma: An ja waya, saura amana

Da asubahin ranar Asabar, 8 ga Nuwamban 2025, injiniyoyin Najeriya da takwarorinsu na ƙungiyar kamfanonin lantarki ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAPP, suka haɗa babban layin wutar Najeriya da na sauran ƙasashen yankin, aka bar su suna aiki a matsayin layi guda na tsawon awa huɗu. A yunƙurin da aka yi irin wannan a 2007, haɗin bai wuce kimanin minti bakwai ba aka raba. Labarin bai ja hankalin jama'a ba, domin babu wanda ya ga ƙarin wuta a gidansa ko a shagonsa a wannan rana.

Ga masana sha'anin lantarki kuwa, waɗannan awanni huɗu sakamakon aikin fiye da shekara ashirin ne. Wutar lantarki tana da bugu irin na zuciya, kuma ƙa'idar wannan yanki ita ce ta buga sau 50 a kowane sakan. Kafin a haɗa layin wata ƙasa da na maƙwabciyarta, sai bugunsu ya zo daidai. Idan ɗaya ya yi sauri ɗaya ya yi nawa, injuna kan kashe kansu don kariya, ƙasashen biyu su faɗa duhu tare. Layin Najeriya ya daɗe da yin ƙaurin suna wajen kauce wa wannan ma'auni, shi ya sa maƙwabta suke ɗari-ɗari da shi. Kafin ranar gwajin, Najeriya da Nijar da wani ɓangare na Benin da Togo suna gefe guda, sauran ƙasashen kuma suna nasu gefen.

Duk lokacin da aka ambaci wannan haɗin gwiwa, tambayar da takan fito daga bakin tela a Kaduna ko mai sayar da ƙanƙara a Kano guda ce: ta yaya ƙasar da ta kasa haskaka gidanta take sayar wa maƙwabta wuta? Tambayar tana da tushe, kuma amsarta tana cikin aikin wannan ƙungiya da abin da ya gagare ta.

Wace ce WAPP?

Shugabannin ECOWAS ne suka yanke shawarar kafa ta a taronsu na Lome a watan Disambar 1999, sannan suka amince da kundin tafiyar da ita a Yamai a watan Janairun 2006. Hedikwatarta tana Kwatano a Jamhuriyar Benin, kuma aikinta ya shafi ƙasashe 14, wato duk ƙasashen ECOWAS na wancan lokaci in ban da tsibiran Cape Verde. Sai dai mambobinta kamfanoni ne, na gwamnati da masu zaman kansu, waɗanda suke samar da wuta ko dakon ta ko rarraba ta. A cikinsu akwai TCN mai dakon wuta a Najeriya, da Mainstream mai tafiyar da tashoshin Kainji da Jebba, da NIGELEC na Nijar, da SONABEL na Burkina Faso, da GRIDCo na Gana. Shugabannin TCN sun sha riƙe kujerar shugabancin kwamitin zartarwarta.

Ke nan ƙungiyar ta fi kama da ƙungiyar 'yan kasuwa, wadda take tsara yadda za a shimfiɗa rumfuna, ta fitar da mudu guda da kowa zai auna da shi, ta nemo masu ba da bashin gina kasuwa. Ba ta da tashar wuta ko ɗaya, ba ta kuma saye ko sayarwa. Alƙalancin ciniki yana hannun wata hukuma dabam, ERERA, da ke Akra. Ɗakin da ake sa ido kan tafiyar wuta tsakanin ƙasashen kuma yana Abomey-Calavi, kusa da Kwatano, wanda Tarayyar Turai ta ba da kuɗin gina shi, aka buɗe shi a ƙarshen 2023.

Hikimar kafa ta ba ta da wuyar fahimta. Allah bai raba arzikin makamashi daidai a yankin ba. Najeriya da Gana da Kwaddibuwa suna da iskar gas, Gini tana da tsaunuka da koguna, ƙasashen Sahel kuma suna da rana da fili amma suna ƙona man dizal da baƙin mai masu tsada don kunna injuna. Idan akwai waya a tsakani, mai arahar wuta zai sayar wa mai tsadarta, kowa ya ƙaru. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa cikakken cinikin wuta tsakanin ƙasashen zai iya rage wa yankin asarar dala biliyan 5 zuwa 8 a kowace shekara.

Abin da aka gina

A ɓangaren turaku da waya, babu mai cewa ƙungiyar ta zauna. A 2007 aka kammala layi mai ƙarfin kilobolt 330 daga Ikeja zuwa Sakete a Benin. Daga baya aka ja layi mai tsawon kimanin kilomita 1,300 da ya haɗa Kwaddibuwa da Laberiya da Saliyo da Gini, ƙasashen da yaƙin basasa ya wargaza kayan lantarkin biyu daga cikinsu. Wani layin mai tsawon fiye da kilomita 1,600 ya kewaye Sanagal da Gambiya da Gini Bisau da Gini. Babban tsarin da shugabannin yankin suka amince da shi a ƙarshen 2018, wanda zai kai 2033, ya ƙunshi ayyuka 75 da aka ƙiyasta za su ci kimanin dala biliyan 36.

Wanda ya fi shafar Arewa shi ne layin da zai tashi daga Birnin Kebbi ya shiga Nijar, ya bi ta Zabori zuwa Yamai, ya zarce Wagadugu, da reshe guda da zai sauka Malanbil a arewacin Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 900, kuɗinsa ya haura dala miliyan 500, kuma Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai ne manyan masu ɗaukar nauyinsa. Shugaba Mohamed Bazoum ne ya karɓi baƙuncin bikin ƙaddamar da shi a Yamai a watan Fabrairun 2022. Manufar ita ce ya ɗauke nauyi daga tsohon layi mai kilobolt 132 da yake kai wuta Yamai daga Birnin Kebbi tun shekarun 1970. Akwai kuma ɗan'uwansa da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa, wanda yake ciyar da Maraɗi da Damagaram.

Me ya sa mai duhu yake sayar da haske?

Dalili na farko lissafi ne. Tashoshin da ke kan babban layin Najeriya an gina su ne don samar da kimanin megawat 13,000, amma abin da yake isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 zuwa 5,000. Mafi yawan abin da layin ya taɓa ɗauka shi ne megawat 5,800 da 'yan kai, a watan Maris na 2025. Injuna da dama a kashe suke saboda ba a biya masu iskar gas ba, ko waya ba za ta iya ɗaukar wutar ba, ko kamfanonin rarrabawa sun ƙi karɓar abin da ba za su iya tara kuɗinsa ba. Bashin da kamfanonin samar da wuta suka ce suna bi ya kai kimanin naira tiriliyan 4 a 2025. Kamfanin da yake cikin wannan hali, idan ya sami mai saye da dala a ƙetare, ya sami abin gyaran injinsa ne.

Dalili na biyu ruwa ne. Kogin Kwara yana ratsa Gini da Mali da Nijar da iyakar Benin kafin ya iso Kainji, wadda aka kammala a 1968, sannan ya gangara Jebba. Jami'an Najeriya sun sha bayyana cewa ba Nijar wuta yana cikin fahimtar da ta sa ba a tare kogin daga sama ba. Duk wata babbar madatsa da za a gina a sama tana iya shafar yawan ruwan da zai iso injunan Kainji da lokacin isowarsa. Saboda haka wutar da take tafiya Yamai tana da alaƙa da wadda take zuwa Minna da Kaduna.

Duk da haka ƙorafin jama'a bai zama na banza ba. A 2024 hukumar NERC da kanta ta gano cewa idan wuta ta yi ƙaranci, masu tafiyar da layi sukan rage wa kamfanonin rarrabawa na cikin gida, su bar masu saye na ƙetare da kasonsu. Ta ce wannan ba adalci ba ne, ta ba da umarnin cewa daga 1 ga Mayu na shekarar kada abin da ake fitarwa ya wuce kashi 6 cikin 100 na wutar da ke kan layi. Kashi 6 na megawat 4,500 bai kai megawat 300 ba. Ko da an hana fitar da shi baki ɗaya aka raba wa mutum fiye da miliyan 200, duhun da zai kora kaɗan ne. Inda gizo yake saƙa shi ne megawat dubbai da ke kwance a gida.

Bashi hanji ne

Babban raunin kasuwar shi ne biya. Kamfanonin Nijar da Benin da Togo suna sayen wuta kai tsaye daga kamfanonin Najeriya bisa yarjejeniya, sannan suna biyan kuɗin dako da hidimar layi. Rahotannin da NERC take fitarwa duk wata uku sun sha nuna cewa ba a cika biyan wannan kaso na biyu a kan kari. A ƙarshen 2019, shugaban TCN na lokacin, Usman Gur Mohammed, wanda kuma yake jagorantar kwamitin zartarwar WAPP, ya yi barazanar yanke wa maƙwabtan wuta saboda bashi. Idan shugaban ƙungiya da kansa ba shi da makamin karɓar haƙƙi sai barazana, an san ƙungiyar ba ta da wani.

Ba taurin bashi ne kawai yake jawo haka ba. Wani bincike da Bankin Duniya ya wallafa a 2016 ya duba ƙasashe 39 na Afirka kudu da Sahara, ya tarar biyu kacal, Yuganda da Seychelles, ne kamfanonin wutarsu suke mayar da cikakken kuɗin da suke kashewa. Babu ko ɗaya daga Afirka ta Yamma. Gwamnatoci suna tsayar da farashi ƙasa da abin da aka kashe don gudun fushin jama'a, ma'aikatun gwamnati da barikoki ba sa biyan kuɗin wuta, wani kaso kuma yana zurarewa ta tsofaffin wayoyi da satar wuta. Kamfanin da bai karɓa a gida ba, ba shi da abin da zai biya a waje.

Wannan ne ya sa kasuwar da aka ƙaddamar da matakinta na farko a Kwatano a watan Yunin 2018 ta daɗe a kan yarjejeniyar kamfani da kamfani. Mataki na gaba shi ne kasuwar yau a yi ciniki gobe a ba da kaya, inda kowane kamfani zai faɗi abin da zai sayar ko zai saya a kowace awa ta gobe, farashi ya fito daga tayi. Takwarar ƙungiyar ta kudancin Afirka, SAPP, wadda aka kafa a 1995 take da ofis a Harare, ta buɗe irin wannan kasuwa tun 2009. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai mai saye ya ajiye jingina kafin ya shiga, kamar yadda babu dillalin da zai sauke wa baƙo tirelar shinkafa a kan alkawarin baki. Shi ya sa ake ta tattauna kafa asusun lamuni da zai biya mai sayarwa nan take idan mai saye ya makara.

Ranar da aka kashe makunni

Abin da ya fi bashi girgiza amana ya faru ne a 2023. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a ranar 26 ga Yuli, shugabannin ECOWAS sun taru a Abuja a ranar 30 ga wata suka ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga Najeriya take zuwa. Yamai da Dosso da Maraɗi da Damagaram suka koma rabon wuta unguwa-unguwa, asibitoci da masu sana'a suka koma kan janareto. Ba a dawo da wutar ba sai bayan ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024.

Abin lura shi ne ECOWAS ba ta yi haka da Mali ba. A takunkumin da ta sa wa Bamako a watan Janairun 2022, ta ware lantarki da man fetur da magunguna daga abubuwan da aka hana. Haka kuma yarjejeniyar makamashi da shugabannin yankin suka sa wa hannu a Dakar a 2003 an gina ta ne a kan 'yancin cinikin makamashi da ratsawarsa tsakanin ƙasashe. Ko mene ne ra'ayin mutum game da juyin mulkin, darasin da kowace ƙasa mai saye ta ɗauka shi ne cewa makunnin wutarta yana hannun wanda za ta iya saɓawa da shi gobe. WAPP, da yake ƙungiyar kamfanoni ce da ke ƙarƙashin inuwar ECOWAS, ba ta da bakin hana umarnin shugabanni.

Sakamakon ya bayyana. Nijar ta hanzarta kunna tashar hasken rana mai megawat 30 a Gorou Banda, ta farfaɗo da maganar tashar kwal ta Salkadamna a jihar Tawa, ta ƙara ɗora buri a kan madatsar Kandadji mai megawat 130 a yankin Tilaberi, wadda aikinta ya tsaya bayan juyin mulkin. Kandadji kuwa a kan Kogin Kwara take, sama da Kainji. Ko bayan sulhu, a watan Afrilun 2025 hukumomin Nijar sun bayyana cewa wutar da take zuwa musu ta layin Birnin Kebbi ta ragu daga megawat 80 zuwa 46.

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Kusan kilomita 800 na sabon layin Birnin Kebbi a cikin Nijar da Burkina Faso suke, abin da ya faɗo a Najeriya kuwa bai wuce kilomita 60 da 'yan kai ba. Hanyarsa ta ratsa Tilaberi da gabashin Burkina Faso, inda 'yan bindiga suka hana 'yan kwangila sakat. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ma Nijar ta ci gaba da rufe ta bayan ɗage takunkumi. Babban aikin ƙungiyar a Sahel yana ratsa ƙasashen da suka bar uwar da ta haife ta, alhali kamfanoninsu suna nan a kan waya ɗaya da na maƙwabta.

Rabon Arewa

A taswirar lantarkin Najeriya, Arewa wutsiya ce. Yawancin tashoshin iskar gas suna Kudu, madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru suna jihar Neja, kuma layuka ƙalilan ne suke hauro da wuta zuwa Kaduna da Kano da Jos da Gombe. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin da ya taso daga Ugwuaji a Inugu zuwa Apir a Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka tsaya ko suka koma dizal, masu injin niƙa da walda da ɗinki suka yi zaman dirshan. Maiduguri ta ga wanda ya fi haka tun Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun layin Damaturu.

A taswirar WAPP kuwa, Birnin Kebbi da Katsina ƙofofi ne. Waya ba ta san gaba da baya ba, inda aka tura wuta nan take bi. A 2024 layukan Nijar ba su amfani Arewa da komai ba, domin ƙanana ne kuma babu rarar wuta a ɗaya gefen. Idan aka kammala layi mai kilobolt 330, aka kuma tabbatar da haɗin Najeriya da sauran yankin na dindindin, wutar da aka samar a Gana ko Kwaddibuwa, ko a gonakin hasken rana na Sahel, za ta iya shigowa ta Kebbi a ranar da hanyar Kudu ta yanke.

Akwai kuma maganar jari. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da kamfanin NBET na gwamnati don gina tashoshin hasken rana masu jimillar megawat fiye da 1,000, yawancinsu a jihohin Arewa. Shirin ya mace a kan taƙaddamar farashi da lamunin biya. Mai zuba jari da yake da mai saye ɗaya tilo, kuma mai sayen ya yi suna wajen jinkiri, ba zai kawo kuɗinsa ba. Kasuwar yanki tana ba shi mai saye na biyu da na uku. Haka ma idan bututun iskar gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya fara aiki, tashar da za a gina a Kano ta fi kusa da Maraɗi da Damagaram a kan Legas.

Abin da ya rage

Gwajin awa huɗu ya nuna cewa injiniyoyi sun iya nasu. Mayar da shi na dindindin yana buƙatar Najeriya ta tsayar da bugun layinta, wanda ya durƙushe fiye da sau 10 a 2024, domin babu maƙwabcin da zai yarda a riƙa jawo masa duhu daga Oshogbo. Wannan nauyi yanzu yana kan NISO, sabuwar hukumar da aka cire daga jikin TCN bisa dokar lantarki ta 2023. Yana kuma buƙatar tashoshi su riƙa ajiye rarar ƙarfi don ko-ta-kwana, abin da ba za su yi ba sai an biya su.

Sauran aikin na 'yan siyasa ne. A tattaunawar da ake yi tsakanin ECOWAS da ƙasashen Sahel uku, lantarki ya cancanci yarjejeniya tasa ta musamman, wadda za ta ce a rubuce ba a yanke wuta don takunkumi, kuma wanda bai biya ba jinginarsa ce za ta biya. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya, domin mai saye ba zai ajiye jingina ga wanda zai iya kashe masa wuta saboda siyasa ba, mai sayarwa kuma ba zai ɗaure kansa ga wanda ba ya biya ba.

Dokar 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, amma cinikin ƙetare yana hannun tarayya. Don haka gwamnonin Kebbi da Sakkwato da Katsina da Kano, da cibiyoyin 'yan kasuwa da ƙungiyar masu masana'antu a waɗannan jihohi, a Abuja za su nemi bayani kan inda aikin layin Birnin Kebbi ya tsaya, da ranar da za a kammala shi, da kason da garuruwan da ya ratsa za su samu. Najeriya ce ta fi kowa yawan injuna a ƙungiyar, ita ce kuma ta kashe makunni a 2023, saboda haka ita ake jira ta fara kawo wannan magana teburi.